Yadda ake tayar da komaɗar halitta mai rauni a gyararren wasan Pokémon

Ɗan yayata ne ya jawo mini wannan aiki. Kullum in an tashi makaranta sai ya biyo ta shagona na gyaran waya a Circle, ya zauna bayan kanta yana buga Pokémon Emerald a wata tsohuwar wayata, sai magariba ta gabato mu hau tro-tro mu koma Nima tare. Rannan sai na ji ya yi tsaki ya kife wayar a kan benci. Ya ce, "Kawu, dubi wannan ƙwaron. Hannu huɗu gare shi, duk a dunƙule kamar ɗan damben Bukom, amma in ya kai naushi ko gezau."

Na karɓa na duba. Ledian ne, jan ƙwaron nan mai ɗige-ɗige a baya, mai lamba 166, wanda ya fara fitowa a Gold da Silver a 1999. Yaron bai yi ƙarya ba. Daga ranar na sa Ledian a gaba, kuma da shi zan yi misali a nan, amma hanyar ɗaya ce ko wace halitta mutum ya ɗauko.

Da farko, ka tanadi wurin aiki

Hanya biyu ce. Ko dai ka buɗe fayil ɗin wasan kai tsaye da HexManiacAdvance a Windows, ka sauya lambobi a cikin akwatuna, ko kuma ka ɗauko pokeemerald-expansion, wato wasan da aka warware shi ya koma rubutu da hotuna, ka gyara abin da kake so, ka sake haɗa shi da umarnin make. Ta farko ta fi sauƙin shiga. Ta biyu ce nake bi, kuma dalilina ɗaya ne mai girma.

A Emerald na asali, jinsin dabara ne ke yanke ko da ƙarfin hannu za a buga ta ko da ƙarfin sihiri. Duk dabarar wuta, ruwa, ciyawa, lantarki da ƙanƙara ta sihiri ce, ko da naushi ne. Ma'ana, Thunder Punch da Ice Punch ba sa duban ƙarfin hannu sam. Sai a Diamond da Pearl na 2006 aka raba abin dabara-dabara. To in ka ɗaga ƙarfin hannun Ledian a tsohon tsari, ka ba shi naushin lantarki, ka yi aikin baban giwa. Shi expansion ya zo da wannan rabo a shirye, da baiwowi da dabarun da aka ƙirƙiro daga baya.

Ka kuma sa mGBA, manhajar da ke buga wasannin Game Boy Advance, a kwamfuta don gwaji, ka ajiye kwafin wasan da ba a taɓa ba a wata folda daban. Ka koyi git, manhajar da ke adana kowane sauyi da ka yi, ko da umarni uku ne. Ni sai da dumso ya koya mini: an ɗauke wuta ina tsakar aiki, batirin laftof ɗina kuwa ya daɗe da mutuwa, gyaran dare biyu ya bi ruwa. Yanzu duk sauyi ɗaya, ajiya ɗaya.

Ka gano ciwon kafin ka ba da magani

Ɗauko takarda ka rubuta alƙaluman halittar guda shida. Na Ledian ga su: rai 55, ƙarfin hannu 35, garkuwar jiki 50, ƙarfin sihiri 55, garkuwar sihiri 110, gudu 85. Jimilla 390.

Yawancin masu fara gyara jimillar suke kallo, su ce ta yi kaɗan, su zuba ɗari a kai. Ba nan ciwon yake ba. Butterfree 385 gare shi a Emerald, amma a wasannin da ake kama shi da wuri yana da amfani tun daga farkon tafiya, don yana sa abokin gaba barci, kuma baiwarsa ta Compound Eyes tana sa garin barcin ya riƙa samu. Yana da sana'a. Ledian ba shi da ita. Dabarunsa na ɗan dambe ne, hannunsa na jariri. Garkuwar sihirinsa 110 ce, amma ran da take karewa 55 ne kacal, kamar a sa ƙofar ƙarfe a ɗakin zana. Sannan jinsinsa ƙwaro ne da tsuntsu, dutse na yi masa illa ninki huɗu, wuta da lantarki da ƙanƙara da tsuntsu kowanne ninki biyu. Ƙari a kan haka, a Emerald ba ka samun Ledyba, ƙaramin da ke rikiɗa ya zama Ledian, sai a sabon ɓangaren Safari Zone, bayan ka gama da manyan gasar. Wa zai tsaya rainon ƙwaro a lokacin?

Ciwo huɗu ke nan: alƙaluman da ba su dace da dabaru ba, jinsi mai yawan ƙofofi, rashin sana'a, da zuwa a makare. Kowace halitta da nata. Farfetch'd ba abin da ya yi fice a kai, shi ya sa su kansu Game Freak suka ɗaga ƙarfin hannunsa daga 65 zuwa 90 a Sun da Moon. Sunkern kuwa talatin-talatin ne ko'ina, jimilla 180, amma shi jariri ne mai jiran rikiɗa, don haka Sunflora za a duba, ba shi ba.

Ka rubuta sana'arsa a jimla ɗaya

Wannan matakin ba ya buƙatar kwamfuta, amma shi ne ginshiƙin sauran. Ni abin da na rubuta a bayan wani rasit shi ne: ɗan dambe mara nauyi, mai riga kowa kai hannu, wanda ake samu da wuri, yana kafa wa 'yan uwansa kariya ya fice.

Azumah Nelson na tuna. Lokacin da ya ci kambun duniya a 1984, a ajin marasa nauyi ya ci, kuma ba wanda ya ce sai ya yi ƙiba ya shiga ajin manya kafin a kira shi gwani. A wasan nan akwai mai riƙe da ajin manya tuntuni, wato Heracross, ƙwaro ɗan faɗa mai ƙarfin hannu 125 da jimilla 500. In na mayar da Ledian wani Heracross, ɗaya daga cikinsu ya zama surplus a kasuwa, ko dai sabon ya kashe tsohon ko tsohon ya binne sabon. Duk shawarar da ta zo mini daga baya sai in auna ta da jimlar nan. Wadda ba ta shiga ba, in watsar, komai daɗinta.

Alƙaluma: ka kwashe daga nan ka zuba can

Kafin ka ƙara ko ɗaya, duba inda lamba ke kwance ba ta aiki. Ɗan dambe ba ya buƙatar ƙarfin sihiri 55, sai na mayar da shi 35. Garkuwar sihiri na rage ta zuwa 100, har yanzu ita ce alamarsa. Ashirin da goma, talatin ke nan na samu kyauta. Sannan na ɗaga ƙarfin hannu zuwa 85, rai 65, garkuwar jiki 55, gudu na bar shi a 85. Jimilla 425. Talatin da biyar kawai aka ƙara a kan ta asali, amma halittar ta zama wata daban.

Me ya sa 85 ba 110 ba? Don na gwada 110 ɗin, zan zo kan abin da ya faru. Ka jera halittarka da sa'o'inta, waɗanda ɗan wasa zai iya samu a daidai wannan zango. Breloom 130 gare shi a hannu, jimilla 460, amma sai mataki na 23 yake rikiɗa. Ledian a 18 yake rikiɗa. Wanda ya riga zuwa ba a ba shi kaso mafi tsoka.

Kar a manta ƙaramin. Ledyba ƙarfin hannunsa 20 ne, in aka bar shi haka ɗan wasa zai jefar da shi kafin ya kai 18. Na mai da shi 45, na rage sihirinsa daga 40 zuwa 25.

A expansion, waɗannan lambobi suna cikin foldar species_info, a fayil ɗin iyalan zuriya ta biyu. Ga tarko ɗaya: a fayil ɗin, gudu ne ke zuwa bayan garkuwar jiki, kafin na sihiri biyun, ba kamar yadda aka saba jera su ba. Ka karanta sunan kowane layi kafin ka rubuta. Na taɓa ba Ledian gudu 35 da sihiri 85, na yi rabin awa ina mamakin abin da ya sa yake rarrafe.

Jinsi da baiwa

Na cire masa tsuntsu na sa faɗa, ya zama ƙwaro ɗan faɗa. Ba ni na fara wannan tunani ba, duk wanda ya kalli hannuwan nan zai yi shi. Amma sauya jinsi ciniki ne, sai ka ƙirga riba da faɗuwa a takarda.

Riba: naushinsa na faɗa ya samu ƙarin rabi, don duk dabarar da ta yi daidai da jinsin mai yin ta ana ninka ta sau ɗaya da rabi. Dutse, lantarki da ƙanƙara sun daina yi masa illa ta musamman. Faɗuwa: a da dabarun ƙasa ba sa taɓa shi, yanzu suna taɓawa, ko da yake rabi ne. Masu sihirin ƙwaƙwalwa da Fairy sun samu ƙofa ninki biyu. Wuta tana nan. Tsuntsu kuwa ya koma ninki huɗu. Wannan ta ƙarshen da gangan na bar ta. Halittar da ba ta da inda ake kama ta ba daɗin wasa da ita.

Ledyba na bar shi a jinsinsa na da, ƙwaro da tsuntsu. Roxanne mai halittun dutse, shugabar jim na farko, wato gidan gwada ƙarfi, za ta wahalar da shi, kuma haka ya kamata, sai an sha wuya ake jin daɗin rikiɗar.

Baiwa kuwa ba sai na ƙirƙiro ba. Iron Fist, mai ƙara kashi 20 cikin ɗari a kan duk dabarar naushi, tuntuni aka ba Ledian ita a matsayin ɓoyayyar baiwa, sai dai da hannu 35 ba ta tsinana komai. Na ɗauko ta daga gurbi na uku na sa a na farko, na bar Early Bird a na biyu. Shawarata, kar ka haɗa ƙarin alƙaluma da sabon jinsi da baiwa irin Huge Power mai ninka ƙarfi biyu. Ɗaya daga cikin ukun ya zama babba, sauran su yi masa rakiya.

Dabaru da lokacin zuwansu

A nan ne aikin yake da daɗi, a nan ne kuma ake ɓata shi. Ba wace dabara za a ba shi ce tambayar ba, a wane mataki ne.

Mach Punch, mai ƙarfi 40 da ke riga kowa fita, ita ce zuciyar sana'ar da na rubuta, don haka na sa ta a lokacin rikiɗa. A expansion in ka rubuta mataki 0, halittar za ta koyi dabarar ranar da ta rikiɗa, ko da ɗan wasa ya jinkirta abin. Bug Bite mai 60 ta zo a 21. Reflect da Light Screen, waɗanda dama yana da su, na bar su a 24. U-turn mai 70, wadda ake bugu a fice a shigo da wani, a 28. Drain Punch mai 75 sai 34. Thunder Punch da Ice Punch na bar su wurin mai koyarwa, wanda ke so ya je ya nema. Bug Buzz da Silver Wind na share su, na sihiri ne, sun zama kaya a kai. Ka tabbata matakan suna jere daga ƙarami zuwa babba a fayil ɗin.

Yanzu lissafi. Kar ka tsorata, na 'yan firamare ne. Ƙarfin da halitta ke da shi a fili: ka ninka lambar tushe biyu, ka ƙara IV ɗinta (ɓoyayyar lambar da kowace halitta ke zuwa da ita), ka ninka da matakinta, ka raba da ɗari, ka ƙara biyar. Mu ɗauka IV 15 ne ga kowa. Tsohon Ledian a mataki na 24 yana da ƙarfin hannu 25, sabon yana da 49. Magneton na Wattson, shugaban jim na uku, mai jinsin lantarki da ƙarfe ne, yana mataki na 22, garkuwarsa ta kama 50, ransa 57.

Ɓarnar bugu kuma: mataki sau biyu a raba da biyar a ƙara biyu, ya ba da 11. A ninka da ƙarfin dabara, a ninka da ƙarfin hannu, a raba da garkuwa, a raba da hamsin, a ƙara biyu. Ga tsohon Ledian da Mach Punch, 6 ke fitowa, a ninka biyu don ƙarfe na jin naushi, 12. Da ɗan sama da ƙasan da wasan ke yi, tsakanin 10 da 12. Naushi biyar ko shida kafin Magneton ya faɗi, kuma kafin nan lantarki ya gasa shi. Ga sabon, Iron Fist ta mai da 40 zuwa 48, sai 12 ta fito, ƙarin jinsi ya kai ta 18, a ninka biyu, 36. Tsakanin 30 da 36, naushi biyu ke nan. Abin da nake nema ke nan: ba ɗaya ba, ba shida ba.

Ga labarin 110 ɗin. A gwajin farko na ba shi hannu 110 da Drain Punch a mataki na 26. Yaron ya shiga jim ɗin Norman, wanda duk mai buga Emerald ya san nan ake zufa saboda Slaking mai ƙarfin hannu 160, ya fito cikin minti kaɗan ransa a cike, don Drain Punch tana mayar masa da rabin ɓarnar da ya yi, Slaking kuma yana hutawa bugu ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗago kai ya ce, "Kawu, shi ke nan?" Da na ji haka na san na zarce. Na sauke hannun zuwa 85, na tura Drain Punch zuwa 34, bayan Norman, wanda babbar halittarsa ke mataki na 31.

Inda za a same shi

Buɗe wild_encounters.json, ko ka yi ta Porymap, manhajar gyaran taswirar wasan. Kowace ciyawar da halittu ke fitowa gurbi goma sha biyu gare ta: biyu na kashi 20, huɗu na 10, biyu na 5, biyu na 4, biyu na 1. Na sa Ledyba a Petalburg Woods a gurbin kashi 10, mataki na 5 zuwa 6. Sannan ka bincika masu horarwa na cikin wasan da ke riƙe da halittar, don ƙarfin da ka ƙara su ma sun samu.

Hoto

In gyaran alƙaluma ne kawai, kana iya tsallake wannan. Amma in ka sauya jinsi, ya kamata ido ya gani. Ni kara na naɗa masa a hannu ɗaya, irin na 'yan damben gargajiya, sauran ukun na bar su.

Dokokin Game Boy Advance ba sa lanƙwasuwa. Hoton ɗigo 64 ne a tsaye, 64 a kwance. Launi 16 kacal, na farkon kuma shi ne bango wanda ba a gani, saura 15. Ka buɗe shi a GraphicsGale ko Aseprite ko GIMP a tsarin launuka masu lamba, kar ka bari ya koma hoto na yau da kullum. Launin karan na samo shi ne ta hanyar haɗe wasu inuwoyi biyu da ido ba ya bambancewa, gurbi ɗaya ya fita. Hoton gaba a Emerald fuska biyu ne, ɗaya bisa ɗaya, don motsi, ka gyara duka. Ka gyara na baya, shi ɗan wasa ya fi gani. Abin da ake yawan mantawa shi ne jerin launukan mai ƙyalli, wato irin halittar mai launi daban da ba a cika samu ba: gurbi-gurbi yake bin na asali, in ka sauya gurbi na tara a ɗaya ba ka sauya a ɗayan ba, ranar da wani ya yi sa'ar kama mai ƙyalli zai ga ƙwaro da koren hannu.

Ka sake rubuta bayaninsa na Pokédex shi ma, layi uku ko huɗu, gajeru, kar su fita daga akwati.

Gwaji, sannan faci

Expansion yana da menu na gwaji, ka riƙe R ka danna Start, ka ba kanka halittar a matakin da kake so. In da tsohon wasan da ka ajiye kake gwadawa, alƙaluman ba za su sauya nan take ba, sai ka ajiye halittar a akwatin kwamfutar cikin wasan ka sake ɗauko ta, ko ta ƙara mataki. Ka kai ta gaban shugabannin jim ɗaya bayan ɗaya a matakin da ɗan wasa zai iso da ita. Ya kamata ta yi fice a wuri biyu ko uku, ta yi daidai a wasu, ta sha kashi a wasu.

Amma gwajin gaske shi ne ka miƙa wa wani ka yi shiru. Na tura wa yaron da abokansa biyu na layinmu, na zauna a bakin ƙofa da daddare ina shan shayi ina kallonsu, ban ce uffan ba. Abin da nake dubawa ɗaya ne, ko za su riƙe Ledian a tawaga ba tare da an ce su riƙe ba. Biyu sun riƙe. Na ukun ya ajiye shi da ya samu Breloom, kuma hakan bai dame ni ba, zaɓi ne tsakanin abu biyu masu kyau.

In za ka ba mutane, faci za ka fitar, BPS ko UPS, wanda ke ɗauke da bambanci kawai, kowa ya liƙa a kan nasa kwafin. Kar ka raba wasan gaba ɗaya, kar kuma ka karɓi ko sidi ɗaya a kai. Hakkin mallaka na masu shi ne, kuma ba sa wasa da shi: a 2016 aka dakatar da Pokémon Uranium da Pokémon Prism. Ka haɗa facin da ɗan rubutu mai bayyana tsofaffin lambobi da sababbi, don mai wasa ya san abin da ke hannunsa.

Ranar Asabar da ta wuce yaron ya kai Fortree. Ina cikin cire gilashin wata waya na ji ya yi salati. Skarmory na Winona, shugabar jim ɗin garin, ya kai wa Ledian Aerial Ace, dabarar tsuntsu, bugu ɗaya ya kwanta. Ya matso kusa da ni yana lallami, "Kawu, don Allah ka ƙara masa rai ko ashirin ne." Na ce ba zan ƙara ba, ya je ya nemo mai lantarki. Ya yi ta gunaguni har muka hau mota. Muna kaiwa kasuwar Nima ya taɓo ni, ya nuna mini Delibird a allon, ya tambaye ni nawa ne jimillarsa. Na ce 330. Ya zaro biro daga jakar makaranta, ya ce in ba shi rasit ɗaya.